Maharban Kura da Bunkure: Sana'ar da Ke Rataye a Kan Awon Albarushi

Wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure daga bakin titin Kano zuwa Zariya kawai, zai ce shinkafa da tumatir da alkama su ne sana'ar mutanenta, kuma bai yi ƙarya ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure, noman rani ya zama abin dogaron dubban gidaje. Amma in ka bar kwalta ka kutsa ƙauyukan da ke bayan gonakin, za ka iske gidajen da karnuka ke kwance a ƙofa, burgami na rataye a zaure, bindigar baushe kuma tana jingine a lungun ɗaki inda yaro ba ya isa. Gidajen maharba ne. Yawancinsu suna da 'yar gonarsu a fadama kamar kowa, sai dai harbi shi ne gadon gidan, shi ne kuma abin da aka san su da shi.

Bindigar tasu tana da sunaye da yawa. Wasu su ce baushe, wasu adaka, wasu bindigar toka, masu zolaya kuma su ce harba-ka-ruga, domin in ta tashi sau ɗaya sai an sake zama an yi mata ɗuri. Ba ta cin harsashin kanti. Duk harbin da za ta yi, mai ita ne zai haɗa shi da hannunsa ta bakinta: albarushi, toshi, dalma, wani toshin. A nan sana'ar take. Saɓa bindiga kowa ya iya, danna kunama ma yaro ya iya. Abin da ke raba maharbi da mai riƙon bindiga shi ne sanin yawan abin da zai zuba mata, yadda za ta kai inda aka aike ta ba tare da ta juyo ta huce a kafaɗar mai ita ba.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye rundunar masu bindiga a fada. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasel ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar mata tsofaffin masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa irin wannan bindiga ta zauna a hannun talaka har maƙeranmu suka ƙware a gyaranta. Har yau 'yan bindigar Sarki suna nan, kowa ya halarci hawan Sallah ya ji ruguginsu. Sai dai ɗurinsu daban yake da na maharbi. Su albarushi da toshi kawai suke sawa, ba dalma, domin ƙara da hayaƙi ake nema. Maharbi kuwa ƙarar ma da zai iya rage ta da ya rage, don tana korar masa naman da ke gaba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Bindigar kanta aikin mutum biyu ce, maƙeri mai ƙarfe da masassaƙi mai itace, kuma maharbi da wuya ya sayi sabuwa in akwai ta gado a gida. Yakan kai ta maƙera ne in kunama ta saki, ko gindin ya tsage, ko ɗan ramin da wuta ke bi ta isa ga albarushi ya toshe ko ya yi faɗi. Abin da ya fi dubawa shi ne bututun. Bututun da tsatsa ta ci daga ciki, ko wanda tun asali ba a yi ƙarfensa don ɗaukar irin wannan ƙarfi ba, shi ne ke fashewa a hannu. Duk garin da ke da maharba, ba a rasa labarin wanda ya rasa yatsu ko ido ta wannan hanya, kuma in aka bi diddigi, ko dai ƙarfen ya gaji ne ko hannun mai ɗuri ya yi nauyi.

Albarushi baƙin gari ne mai tsaki-tsaki, kuma shi ne ya fi cin kuɗi a kayan yau da kullum. Babban abokin gabarsa laima. A yankin da ruwa ke kwance a fangali rani da damina, raɓa ke sauka da asuba har ta jiƙa wando, ajiyarsa aiki ne mai zaman kansa. Da can a ƙaho ko ɗan gora ake zuba shi a toshe bakin, yanzu da yawa sun koma 'yar robar magani mai murfi. Ba a ajiye shi kusa da murhu, ba a barin sa a ƙasa, ba a kuma shan taba a kusa da shi. Wani abin da ke wahalar da maharbi shi ne albarushin ba ya zuwa iri ɗaya. Wanda ya saya a watan jiya yana iya fin na yau kaifi, ko na yau ya fi. Saboda haka mai hankali ba ya ɗaukar sabon saye ya zarce daji da shi. Sai ya fita bayan gari inda ba mutane ba dabbobi, ya fara da awo kaɗan, ya ji yadda bindiga ta amsa, sannan ya san inda zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dalma. Ana samun ta a wurin 'yan gwangwan, galibi daga tsofaffin batiran mota, a narka a fitar da ƙwayoyi, ƙanana don tsuntsu, manya don mai ƙafa huɗu. Wasu kan sa ƙwayar boris ta keke ko guntayen ƙarfe don sauƙin kuɗi, amma tsofaffin hannu ba sa son haka, domin ƙarfe yana kankare cikin bututu, kuma in ya daki dutse ko busasshen itace yana iya dawowa. A kan dalma akwai maganar da ya kamata a faɗa wa 'yan sana'ar ƙarara: guba ce. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa darasi. Narka ta a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ko a tukunyar da za a sake ɗorawa a murhu, kasada ce da ba ta da wata riba.

Ɗurin kansa abin kallo ne in ƙwararre ke yi. Zai tsayar da bindiga gindinta a ƙasa, ya karkatar da bakinta daga fuskarsa da jikin kowa. Kafin ya zuba komai sai ya zura sandar ɗuri ya ji ko fanko ce. Sandar tana da tsaga biyu da ya yi da wuƙa: ɗaya na nuna inda take tsayawa in ba komai a ciki, ɗaya in akwai ɗuri. Wannan 'yar tsaga ta ceci hannuwa da yawa, don mutum kan dawo daga daji a gajiye ya manta bai harba ba, gari ya waye ya ƙara wani ɗurin a kan na jiya. In ya tabbata fanko ce, sai ya tsiyaya albarushi a ma'auninsa, ba kai tsaye daga gora zuwa bakin bindiga ba, domin in akwai sauran garwashi a ciki daga harbin baya, wutar za ta biyo har goran da ke hannunsa. Ma'aunin nan yana iya zama guntun ƙaho ko murfin kwalba, amma shi kaɗai yake amfani da shi shekara da shekaru, ya san cikarsa, ya san rabinsa. Ya juye, ya bubbuga gefen bututun da tafin hannu garin ya zauna, ya cusa toshi na tsumma ko takarda, ya bi shi da sanda har ya ji ya dira. Sannan dalma, sannan toshi na biyu mai hana ta zubowa in an sunkuyar da baki. Dole komai ya zauna a kan ɗan'uwansa ba rata a tsakani, domin ratar iska a cikin ɗuri tana kumbura bututu ko ta fasa shi. Abin kunnawa shi ne na ƙarshe, kuma ba a ɗora shi sai an isa inda za a yi aiki.

Yaron da ke koyo, nan ne ake fama da shi. Jinin ƙuruciya na gaya masa cewa yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi. Zai cika ma'auni har ya yi tozo, maigidansa na kallo ta wutsiyar ido, sai ka ji ya ce, "Kai yaro, rage hannu." Yaron ya ce, "Baba, ai zabin nesa suke tsayawa." A ce masa to shi zai matsa kusa, ba bindiga ba. In ya ƙi ji, wani lokaci akan bar shi ya ɗanɗana sau ɗaya, muddin ƙarin bai kai na haɗari ba. Bindiga ta tashi, gindinta ya nushe shi a kafaɗa, bakinta ya ɗaga sama, dalma ta watse ko'ina, zabi su tashi lafiya lau. Kwana uku yana jin kafaɗar.

Abin da ya faru da shi yana da bayani. Ƙarfin da ya tura dalma gaba, shi ne daidai wanda ya turo bindiga baya. Masanin nan na Ingila, Ishaƙ Niyuton, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1687, maharbanmu kuwa a kafaɗa suka karanta ta. Gwargwadon nauyin abin da aka harba da saurin fitarsa, gwargwadon shurin. Bindiga mai nauyi tana shanye wani kaso na shurin, shi ya sa doguwar baushe mai kauri ta fi daɗin harbi, amma wanda zai yini da ita a kafaɗa daga hantsi zuwa la'asar ya san kuɗin da yake biya. Kuma a bindiga mai santsin ciki irin wannan, in albarushi ya yi wa dalma yawa, ba ya ƙara mata saiti, tarwatsa ta yake yi, tsakiya ta zama fanko, nama ya wuce ta ratar. Manomin Kadawa ya san irin wannan: ruwan da aka sako wa fangali da ƙarfi ba ya shayar da dashe, kwashe shi yake yi.

Illar da ta fi wannan ita ce wadda ke shiga jikin mai harbin. Mutumin da bindiga ta saba nausa, jikinsa kan fara kare kansa tun kafin ta tashi. Ido ya runtse, kafaɗa ta ɗaure, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali, bakin bindiga ya kauce a daidai lokacin da ake buƙatar ya tsaya cik. Shi bai ma san yana yi ba. Sai ranar da bindiga ta ƙi tashi, na gefe su ga yadda ya zabura ba tare da wata ƙara ba. Wannan ɗabi'a tana da saurin shiga, tana da wuyar fita, kuma ta lalata maharba da yawa da ke da ido mai kyau.

Amma ragewar ma tana da iyaka, kuma a ganina nan ne mutuncin sana'ar yake. Ɗurin da ya yi rauni ba ya kashewa, raunatawa yake yi. Gada ta gudu da dalma a cinya ta je ta mutu a cikin sarƙaƙiya bayan kwana biyu, ba ta amfani kowa ba, an kuma azabtar da ita a banza. Maharbin kirki yana jin nauyin wannan. Addini ma ya tsaya a kai: ana ambaton sunan Allah yayin harbi, in an tarar da dabba da sauran rai a gaggauta yanka ta, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ya wuce ta babin farauta. Don haka awon da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar da zai gama aiki da tsabta a tazarar da mutum ya san zai iya. Na kurciya da hasbiya daban, na zabon daji da fakara daban, na gada daban. Sauran aikin kuma na ƙafa ne. Bututun baushe ba shi da zanen da ke murza harsashi ya tafi a miƙe kamar na bindigar soja, saboda haka nisanta kaɗan ne, dole a yi sanɗa. Maharban da suka gabata har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su duƙa suna tafiya suna gyaɗa shi kamar tsuntsun na kiwo, har su shiga tsakiyar nama. Mai irin wannan haƙuri ba ya buƙatar ɗuri mai nauyi.

Wannan lissafi ba a dajin Bunkure kaɗai ake yin sa ba. A Amurka da Turai akwai masu gasar harbi da ƙaramar bindigar hannu, da yawansu kuma da kansu suke haɗa harsasansu a gida: su tattara kwanson da aka harba, su wanke, su sa sabon abin kunnawa, su auna gari da sikeli mai gane abin da bai kai ƙwayar gero ba, su dasa kan harsashi da ɗan injin matsi. Ƙungiyar duniya ta wannan wasa, IPSC, an kafa ta a 1976 a garin Kolambiya na jihar Misuri, kuma ana ba da maki ne a kan saiti da sauri da ƙarfi gaba ɗaya. Da an bar su, kowa zai yi ɗuri mai laushi don hannunsa ya zauna. Sai aka kafa musu ƙa'ida: a ninka nauyin kan harsashi, da ma'aunin da suke kira giren, da saurinsa na ƙafa nawa a daƙiƙa, a raba da 1,000, sakamakon kada ya gaza 125. A filin gasa akwai na'urar auna gudun harsashi, wanda nasa ya gaza kuwa makinsa ba ya shiga lissafi. Shi ya sa suke neman su haura layin da ɗan kaɗan, kamar 130, don sanyi ko zafin rana na iya sauya gudun. Wani ya zaɓi kan harsashi mai nauyin giren 147 da ke tafiya a hankali, wani mai 124 da ke da sauri, kowa da yadda hannunsa ke jin shurin. Su alƙalin gasa ne ya ja musu layin ƙasa, maharbi kuwa dabbar da ke gabansa ce ta ja masa. Akwai bambanci ɗaya da ya zama wajibi kowane mai baushe ya riƙe: garin da ke cikin harsashin zamani, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, ba albarushi ba ne. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin gari, kuma wanda ya farke harsashin kanti ya juye garinsa a baushe ya haɗa wa kansa abin da zai tashi da hannunsa.

Irin waccan gasa ba ta farar hula ba ce a nan, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu a jerin waɗanda ba a riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Baushe da 'yan'uwanta masu ɗuri ta baki suna wani jerin, wanda lasisinsa ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ƙerawa da gyara ma sai da izini.

Ta ina kuɗi ke shigowa? Hanya ta farko nama ce. Bayan kaka, in an kwashe amfanin gona ciyawa ta bushe, ake fita farauta, wani shi kaɗai da fitilar goshi da dare, wasu a ƙungiya da karnuka da sanduna ƙarƙashin Sarkin Baka ko wani babba da aka yarda da shi. Abin da ake samu a kusa yanzu ƙananan nama ne: zomo, gafiya, gyazbi a bakin magudanan ruwa, damo, zabon daji, fakara, sai kirinjijiya da ɗinya a inda ruwa ya taru. A ci wani a gida, a yi bandar wani a kai kasuwa, fata ta tafi wurin dukawa, wasu sassan kuma masu maganin gargajiya su saya. Hanya ta biyu gadi ne. Idan shinkafa ko alkama ta fara nuna, jan-baki kan sauko dubbai, kuma bayan yara masu gwangwani da majajjawa, wasu manoma kan nemi mai bindiga ya riƙa sakin ƙara da sassafe da yamma. A nan ɗurin 'yan bindigar Sarki ake yi, ba dalma, don gonakin a haɗe suke kuma ko'ina da mutane. Akwai kuma gadin injin ban-ruwa da tarin shinkafar da aka yanke ba a kai gida ba. Lada wani lokaci kuɗi ne a hannu, wani lokaci sai an yi girbi a auna masa shanshera.

In aka zo cire kuɗin da aka kashe, ribar takan tsuke. Albarushi da dalma da batirin fitila kullum sai an saya. Karnuka suna ci ko an kamo ko ba a kamo ba, kuma kare mai kyau in ya mutu a bakin maciji asara ce babba. Maƙeri na jiran nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa daji mai nisa ya zama wani nauyi na daban. A nan ma awo yana da baki: mai cika ma'auni yana ƙona kuɗinsa ne, kowane harbi ya fi tsada, ga kuskure ya fi yawa. Bayan an dawo kuma aiki bai ƙare ba. Baƙin albarushi yana barin dauɗa mai jawo laima, don haka sai an wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafe shi da mai a ranar. Wanda ya yi kasalar wannan, tsatsa za ta ci masa bindiga daga inda ido ba ya gani.

Babbar matsalar ita ce dajin ya ƙare. Ruwan Tiga da ya kawo arzikin noma shi ne kuma ya mayar da kurmi da saura gonaki, kuma ba mai cewa a mayar da hannun agogo baya. Dajin Falgore da ke kudu keɓaɓɓe ne, doka ta hana farauta a ciki, akwai kuma dabbobin da dokar kare namun da ke neman ƙarewa ta 1985 ta hana taɓawa ko'ina. Ga masu zuba guba a hatsi ko a ruwa su kwashi tsuntsu da kifi a dare ɗaya, suna ɓata wa masu sana'ar suna, suna kuma sayar wa jama'a cuta. Saboda haka maharban wannan yanki suka koma tafiya mai nisa, har dazuzzukan kudu inda nama ya fi yawa ya kuma fi daraja, su yi watanni, su dawo gida da abin Sallah.

A irin wannan dawowa ce abin da ba za a manta ba ya faru. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah, wasu maharba 'yan jihar Kano da suka taso daga jihar Ribas suka biyo ta garin Uromi na jihar Edo a cikin babbar mota. 'Yan sintirin garin suka tare su, aka ga bindigogin baushe, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya far musu, aka kashe mutum 16. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙauyen Torankawa ne na ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je ƙauyen ta'aziyya. Mutanen nan kayan sana'arsu suke ɗauke da shi, irin wanda iyayensu suka riƙe. Kuma 'yan wannan sana'a ne, da irin wannan bindiga, suka tsaya tare da sojoji a jihar Adamawa a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi.

Ba na cewa duk mai baushe salihi ne, ko kuwa tsoron da mutane ke ji a kan hanyoyin ƙasar nan ba shi da tushe. Ɓarayin daji sun sa kowa ya zama abin zargi. Amma hakan ne ma ya sa ya zama dole a raba mai sana'a da ɓata-gari ta hanyar da baƙo zai iya gani da idonsa. Maharbin ƙauye da bai yi boko ba, neman lasisi a hedikwatar 'yan sanda yana masa kama da kai kansa ga matsala, shi ya sa da yawa suke zaune ba takarda. Kamata ya yi rajistar ta sauko inda suke. Hakiman Kura da Bunkure da dagatansu sun san kowane gidan maharba, Sarakunan Baka sun san wanda ya gada da wanda ya shigo jiya. A zauna da su da 'yan sanda a sakatariyar ƙaramar hukuma, a rubuta sunan mutum da bindigarsa, maƙerin da aka ba izini ya duba bututun, a ba shi kati mai hoto da lambar wayar da jami'in wata jiha zai kira ya tabbatar. Ƙungiyar da za ta yi tafiya kudu kuma ta sanar da hukumar can kafin ta tashi. Su ma dattawan sana'ar akwai nasu: kada a miƙa wa yaro bindiga sai ya iya ma'auni da sandar ɗuri, kada kuma a bar shi ya hau motar kudu ba kati a aljihu. Gwamnatin Kano da masarautu su fara wannan aiki kafin kaka mai zuwa, lokacin da motocin maharba za su sake kama hanya.